Saƙon da Ban Kai wa Goggo Ba

Jiya maƙwabciyata ta dawo daga kasuwar Makarfi, ta aiko min da tsarabar mazarƙwaila guda uku a leda. Tun kafin in kwance ƙullin ƙamshin ya riga ya cika ɗakin, wannan ƙamshi na ruwan rake da ya daɗe a kan wuta har ya soma ƙauri. Na yi godiya, na raba wa yara, na je na wanke hannuna sau biyu. Maigidana ya saba tsokanata, wai shi bai taɓa ganin 'yar ƙasar rake da ke gudun mazarƙwaila ba sai a kaina, ko dai canza ni aka yi a ranar suna. Nakan yi dariya in bar shi a haka. Shekara talatin da wani abu ke nan rabon da in sa ta a bakina, kuma yau ina so in gaya muku dalili.

A wani ƙauye na yankin Dandamisa aka haife ni, a gidan gandu mai sassa uku. Kakanmu, wanda muke ce wa Baba Tsoho, shi ke zaune a zaure kullum da carbinsa, babu mai shiga ko fita bai sani ba. Matarsa, Iya, ita ce uwar mahaifina, ɗakinta yana gabas da tsakar gida. Ɗakin mahaifiyata, Inna, yana yamma. Tsakanin ƙofofin nan biyu akwai turmi da igiyar shanya da wata bishiyar zogale, in ka ƙirga ba zai wuce taku ashirin ba. Na sani ne domin na ƙirga da na girma, kuma ba sau ɗaya ba.

Mu uku ne a lokacin: Yaya, wanda ya ba ni shekara biyu, sai ni, sai jaririyar da ke goye. Yaya shi ne ɗan fari. Ku da kuka taso yanzu ba lallai ku san nauyin wannan kalma ba. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi, ba ta nuna wa duniya cewa nata ne. Kunya ake ce wa abin, kuma da ita ake auna tarbiyyar mace. Inna kuwa Bafillatana ce, daga wata ruga ta wajen Ikara aka auro ta, tata kunyar ta ninka ta kowa. Ranar da aka yaye Yaya aka kai shi ɗakin Iya, bai ƙara kwana a ɗakinmu ba. In baƙuwa ta tambayi Inna 'ya'yanta nawa, sai ta ce biyu, ta sunkuyar da kai. In dole ta kama a ambace shi, sai ta ce “wancan”, ko “yaron Iya”. Matan ƙauye har misali suke yi da ita in suna yi wa 'ya'yansu faɗa.

Kada ku ɗauka ba ta son shi. Ni ce shaida, domin ta hannuna soyayyar take bi. In Baba ya sayo nama ranar kasuwa, sai ta tsamo tsoka mafi kyau ta rufe a ƙaramin kwano, ta ce ba tare da ta ɗago kai ba, “Kai wa wancan.” In ta ga wandonsa ya yage a kan igiya, sai ta ce in ɗauko, ta ɗinke, in mayar inda na same shi kamar aljani ne ya yi aikin. In ya dawo daga makarantar allo da alamar bulala, ni za a aika in leƙo ko ta fasa fata. Tun ban kai shekara shida ba na zama 'yar aike tsakanin uwa da ɗanta, kuma ina jin kaina sosai da muƙamin. Nakan ɗan gutsiri naman a hanya ma, Yaya ya gani ya ce, “Ɓera ya riga ni,” ya ba ni rabin abin da ya rage. Haka yake, ba ya iya cin abu shi kaɗai.

Akwai mace ɗaya a danginmu da ba ruwanta da wannan kunya, ita ce Goggo, ƙanwar Baba, wadda ke aure a can ƙarshen ƙauye wajen fadama. Doguwa ce mai murya, in tana magana a gidanta ana ji a namu. Duk yaron da ya kwanta ciwo a dangi ita ake kira, domin ba ta jiran izinin kowa. Za ta taɓa wuyan yaro, in abin bai yi mata ba ta saɓe shi ta tsayar da mai babur, sai asibiti. Maza suna mitar cewa ta cika azarɓaɓi, amma in nasu ya kwanta su ma ita suke aika wa.

Abin ya faru ne a ƙarshen lokacin matsar rake, zafi ya soma shigowa, irin wanda tun hantsi ƙasa ke ƙona tafin ƙafa. Iya ta tafi Likoro sunan jikarta tare da matar baffanmu, za su yi kwana uku. Baba ya yi sammako da kayan mazarƙwaila zuwa kasuwa. Gidan ya rage daga Baba Tsoho a zaure sai Inna sai mu yara. Da safe Yaya bai fito shan koko ba. Inna ta zuba a kwano ta ce in kai. Na same shi kwance a kan tabarmar Iya ya juya wa ƙofa baya, ya ce in ja labulen, hasken yana shiga masa ido. Na dawo da kokon yadda na tafi da shi.

“Bai sha ba?” in ji Inna.

“Ya ce kansa ke ciwo.”

“Koma ki taɓa goshinsa.”

Na koma, na taɓa, na dawo na ce mata zafi kamar gefen murhu. Na ga ta miƙe tsaye, har ta gyara goyonta, ta yi taku biyu. Daidai nan Baba Tsoho ya yi gyaran murya a zaure, ƙofar zauren kuwa tana kallon tsakar gida. Sai ta sunkuya ta ɗauki taɓarya kamar dama ita ta taso ɗauka. Ta jawo ni kusa, ta yi magana ƙasa-ƙasa: “Maza ki je wajen Goggonku, ki ce ta zo ta duba yaron Iya, jikinsa da zafi. Kada ki tsaya ko'ina.”

Hanyar gidan Goggo ta gefen injin rake take bi. A lokacin doki ne ke juya injin, an ɗaura masa dogon itace yana ta kewaye, ana cusa rake ruwan yana zuba. A gefe ga manyan kasake a kan wuta, ana ta zuga musu busasshiyar tuka. Na iso daidai lokacin da aka gama juye kasko ɗaya a ƙananan tasoshi, mai dahuwar yana kiran yara su zo su kankare abin da ya maƙale. Wanda bai taɓa shan wannan ƙanzon da ɗuminsa ba bai san abin da ake nufi da zaƙi ba. Na ce a raina in ɗan lasa sau ɗaya in wuce. Yaro man kaza ne, in ya ji rana sai ya narke. Daga lasa ɗaya sai ga ƙawayena, daga nan sai muka bi dokin muna yi masa waƙa, daga nan sai fadama tsinkar ɗanyen mangwaro. Saƙon ya fita daga kaina tsaf, ban tuna da shi ba sai da na ji kiran sallar la'asar.

Na shigo gida hannuna da bakina duk danƙo. Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa, fuskarta tana gabas. Ta dube ni, ta dubi hannuna.

“Kin je?”

“Na je.”

“Me ta ce?”

“Ta ce tana zuwa.”

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Baba Tsoho ya leƙa Yaya bayan la'asar, ya tofa masa addu'a, ya ce zazzaɓin sauyin yanayi ne, zai sauka. Baba ya dawo da magariba a gajiye, mahaifinsa ya gaya masa haka, shi ma kuma Yaya ɗan farinsa ne, ba zai nuna rawar jiki a gaban ubansa ba. Kowa a gidan nan ya yi abin da ake yaba wa mutum a kai. Ni kaɗai ce na yi abin duka, kuma ba wanda ya doke ni.

Da gari ya waye wuyan Yaya ya sanƙare, ba ya gane mai magana. Wannan karon babban mutum aka aika. Goggo ta shigo da gudu ko mayafi babu, ta taɓa shi, ta juyo tana faɗa: “Yaron nan tun jiya yake haka, a rasa wanda zai aiko min? Gidan nan babu mutane ne?” Na laɓe a bayan rumbu ina jiran Inna ta ce ai an aiko. Inna ba ta tona ni ba. Goggo ta goya Yaya da zanenta, ƙafafunsa suna reto har gwiwarta, suka hau babur ita da Baba. Kwana biyu ya yi a asibiti, Allah Ya karɓi abinsa. Baba ya faɗa wa mahaifinsa a zaure, ina ji, cewa likita tambaya ɗaya ya yi musu: me ya sa sai yau?

Ranar zaman makoki Inna ba ta yi kuka ba. Ta zauna a ƙuryar ɗaki tana amsa gaisuwa kamar ɗan maƙwabta ne ya rasu, Iya ce ke birgima a tsakar gida. Na ji wata tsohuwa tana cewa, “Kun ga 'yar mutunci, ko ƙwalla ba ta yi ba.” Har yau in na tuna maganar nan sai in ji raina ya ɓaci, kuma tsohuwar ta daɗe da rasuwa, Allah Ya jiƙanta. Abin da ya fi tsaya min shi ne makonnin da suka biyo baya. Ranar kasuwa Inna takan tsamo tsoka ta sa a ƙaramin kwano, ta miƙo min, bakinta ya buɗe, sai ta tsaya. Can sai ta ce, “Ci.” In karɓa in ci rabon Yaya a gabanta.

Haka na girma da abin a cikina. Na san rai na Allah ne, na san kwana in ya ƙare babu likitan da zai ƙara shi, na ji wannan a wa'azi ba adadi kuma na yarda. Amma yarda daban, abin da ke zaune a ƙirji daban. Duk lokacin da aka aike ni da gudu nake zuwa, har ana ce min mai ƙafar barewa, ba wanda ya san abin da ke kora ta. Sau da yawa nakan shirya in gaya wa Inna, in na dubi yadda take zaune shiru sai in ga ba ni da ikon ƙara mata wani nauyi. Ina tsoron ta dube ni ta ga wadda ta kashe mata ɗa.

Aka yi min aure a Kudan, Allah Ya ba ni ɗa namiji. Ga mamakina sai na tsinci kaina ina yin abin da na taso na gani. Ba irin na Inna ba, ni ina kiran sunansa in muna mu biyu, amma in uwar mijina tana wuri sai in share shi, in ya faɗi in yi kamar ban gani ba. Yana da shekara uku Inna ta zo mana kwana biyu. Da azahar muna zaune a tsakar gida, ita da uwar mijina a kan tabarma ɗaya suna ta jan gaisuwa irin ta surukai, sai yaron ya zo ya kwanta a jikin ƙafata. Na ji zafinsa ta cikin zane. Duk da haka bakina ya ce, “Tashi ka je wajen kakarka, ka cika son jiki.” Uwar mijina ta taɓa shi ta ce rana ce ta buge shi, a bari zuwa anjima a gani.

Inna, wadda ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, wadda ko ruwa ba ta iya sha a gaban surukai, ta miƙe tsaye. Ta ce, “Hajiya, ki gafarce ni.” Sannan ta juyo gare ni: “Tashi ki goya ɗanki. Yanzu.” Ta ciro mayafinta ta riga ni zuwa ƙofa.

A kan bencin asibiti muka zauna muna jiran sakamakon jini, yaron yana barci a cinyata. Ban shirya ba, maganar ce ta fito da kanta. Na ce, “Inna, ranar da kika aike ni wajen Goggo, ban je ba. Injin rake na tsaya. Ƙarya na yi miki.” Na ƙura wa ƙasa ido ina jiran abin da na yi shekara ashirin ina jira.

Sannan ta ce, “Na sani. Na ga hannunki. Kuma Goggonku ba ta cewa tana zuwa, zuwa take yi.”

Na ce, “To me ya sa ba ki sake aikena ba? Me ya sa ba ki doke ni ba?”

“Da na ce ƙarya kike yi, da sai in tashi da kaina, ga kakanku a zaure. Sai na karɓi maganarki na zauna a kanta.” Ta gyara wa yaron ƙafarsa da ta zamo. “Ke yarinya ce, zaƙi ya ɗauke ki. Ni me ya ɗauke ni? Ina zaune ina jin numfashinsa daga inda nake. Ki sauke wannan kaya, ba naki ba ne.”

Na yi kuka a kan bencin nan har wata mata ta zo tana ba ni haƙuri, ta ɗauka yaron ne ya yi tsanani. Inna ba ta yi ba. Sai da na natsu ta matso, ta yi magana ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron a ji ta. Ta ce, “Ke kin riƙa zama da shi. Yaya fuskarsa take?” Na dube ta ban gane ba. Ta ce, “Tun da aka yaye shi ban ƙara tsayawa na kalle shi sosai ba. Sai ya juya baya nake kallo. Na san tafiyarsa, na san bayan kunnensa. Fuskar ce in na nema ba ta zuwa.”

Babu hotonsa ko ɗaya, a lokacin wa ke ɗaukar yaron ƙauye hoto. Na rufe ido na tattaro abin da zan iya. Na ce yana da tabo a gira, inda ya faɗo daga kan jaki. Na ce in zai yi dariya sai ya fara runtse ido ɗaya. Na ce yana da wushirya.

Ta ce, “Wushirya?”

Na ce, “Irin taki.”

Ta kai yatsa ta taɓa haƙoranta ta cikin leɓe, ta bar shi a wurin har aka kira mu. Zazzaɓin cizon sauro ne, allura uku yaron ya warware, yanzu har ya fi ni tsawo.

Zamani ya juya. 'Yan matan yanzu suna kiran ɗan fari da sunansa a tsakiyar kasuwa, suna sumbatarsa a gaban uwar miji, wayoyinsu cike da hotunansa tun yana cikin tsumma. Tsofaffi suna taɓe baki suna cewa kunya ta ƙare a duniya. Ni ba na cewa duk abin da ya tafi asara ce, ba na kuma cewa mutanen da ba su san abin da suke yi ba, domin kunyar nan ita ta riƙe gidaje masu mutum talatin ba a ji kansu ba. Abin da na lura shi ne in ana wannan mita Inna ba ta sa baki. In wata jikarta ta zo da jariri, sai ta ce a miƙo mata wayar, ta riƙe ta kusa da idonta da ya soma rauni, ta daɗe tana kallo.

Akwai abin da ban gaya mata ba, ku ne na fara gaya wa. Tabon gira na tabbata da shi, domin ina wurin aka yi. Wushiryar ce ban tabbata ba. Shekarata biyar da 'yan watanni ya rasu, kuma a kan bencin nan fuskar da ke gabana tata ce. Wataƙila na tuna ne, wataƙila kuma na ara daga bakinta na ba shi, don in ba ta abin da za ta riƙe. Tun daga ranar in ta ambace shi ba ta ƙara cewa “wancan” ba, sai ta ce “mai wushiryar nan”. In ƙarya ce, ita ce ta biyu da na yi mata a kansa, kuma ta karɓe ta kamar yadda ta karɓi ta farko.